Dodon Bango Da Tsohuwar Unguwarmu

Yau ba maganar farashin hatsi a kasuwar Dole muka zo da ita ba, ba kuma ta ruwan famfo ba. Wani tsohon fim ne muka kalla a fadarmu, fim ɗin da ya haura shekara ɗari, wanda ba a furta ko kalma ɗaya a cikinsa, amma ya tono mana abin da muka binne tun muna yara. Mun yi shawara a tsakaninmu, muka ga gara mu faɗa, ko Allah zai sa wani ya amfana.

Mu bakwai ne a fadar, duk haihuwar Birni. Tare muka yi makarantar allo, tare muka yi lakwal, yanzu kowa da furfurarsa da iyalinsa. Akwai tela a cikinmu, akwai mai kabu-kabu, akwai ɗan kasuwa, akwai kuma malamin lise mai koyar da Faransanci, wanda shi ne sarkin kawo mana baƙin abubuwa. Wani dare cikin ɗari, kuran ya ɗauke, shayi yana kan gawayi, sai ga Malam da kwamfuta da wani ɗan ƙaramin majigi mai aiki da batir. Ya ce yau zai nuna mana kakan finafinan ban tsoro, wani fim na Jamus mai suna Nosferatu, na shekarar 1922. Ya haska shi a jikin katangar da muke jingina da ita kullum.

Mai katangar, dattijon da duk muke kira Baba, ya haura tamanin. Ya fito da butarsa, ya tsaya ya ƙura wa hasken ido, ya ce: "Au, dodon bango kuka kawo mini har ƙofar gida?" Muka tuntsire da dariya. Ya ce ba abin dariya ba ne, haka mutanen Kano suka kira silima farkon zuwanta, shi ma a bakin fatake ya fara jin sunan. Gaskiyarsa kuwa. Lokacin da Turawan Ingila suke yawo da motar majigi gari-gari, da lokacin da aka buɗe gidan silima na Rex a Kano a 1937, mutane sun rasa inda za su ajiye wannan abu. Ga mutum a bango yana tafiya yana motsa baki, ka kai hannu ka ji ƙasa. Shi ba rayayye ba, shi ba matacce ba. Sai suka ɗauko sunan da suka sani tun daga gatana suka liƙa masa. Muka shimfiɗa wa Baba tabarma, ya zauna da mu.

Da yake fim ɗin ba shi da murya, sai rubutu da ke fitowa jefi-jefi, Malam ne yake karantawa yana fassara mana. Ba a jima ba tela ya ƙwace aikin, yana yi irin na masu fassara finafinan Indiya, yana saka wa kowa magana a baki. Labarin dai shi ne: wani saurayi mai aiki a wajen dillalin gidaje aka tura shi wata ƙasa mai duwatsu, wajen wani basarake mai suna Orlok da ke son sayen gida a garinsu. Ashe basaraken gawa ce da ta ƙi kwanciya, da rana yana cikin akwatin gawa, da dare yana shan jinin mutane. Da ya fara bayyana, da ƙwaryar kansa da kunnuwa kamar na jemage da haƙora biyu irin na ɓera, dariya muka yi ta yi. Tela ya ce wannan ai yunwa ce ke damunsa, a ba shi fura.

Dariyar ba ta daɗe ba. Orlok ya shiga jirgin ruwa da akwatunansa cike da ƙasar kabari da ɓeraye. Ma'aikatan jirgin suka mutu ɗaya bayan ɗaya, jirgin ya shigo tasha ba mai tuƙi. Annoba ta faɗa wa gari. Aka nuna mutum yana bin ƙofofi yana sa musu alama da alli, aka nuna jerin masu ɗauke da gawa a kan titi. Daga nan babu wanda ya sake tanka wa tela, shi ma ya yi shiru. Akwai wani wuri dab da ƙarshe da kowannenmu ya sunkuyar da kai, za mu dawo kansa. Sannan aka zo wajen da duk duniya ta san fim ɗin da shi: ba a nuna Orlok ba, inuwarsa kaɗai aka nuna tana hawa matakala, yatsunta suna miƙewa zuwa ƙofar ɗakin matar saurayin. Inuwar hannun ta sauka a ƙirjinta ta damƙe, matar ta banƙare. Mai kabu-kabu ya ajiye kofin shayinsa ya ce: "Wallahi wannan maye ne. Kurwarta ya kama."

Washegari muka tsare Malam da tambaya: su Turawa daga ina suka samo wannan? Abin da ya bayyana mana, da abin da muka ƙara bincikawa, ga shi a taƙaice.

Kafin silima akwai littattafai. A 1764 wani ɗan Ingila mai suna Horace Walpole ya buga The Castle of Otranto, labarin wani tsohon gidan sarauta da aka ƙwace da zalunci, alhakin ya biyo jikoki. Da farko ma ɓoye sunansa ya yi, ya ce wai tsohon rubutu ne na Italiya aka fassara. Sai a bugu na biyu ya amsa nasa ne, ya kira shi labarin gotik. Kalmar daga irin ginin tsofaffin majami'u da fadojin Turai take, masu dogayen bakuna da lunguna masu duhu. Daga nan salon ya kafu: tsohon gida, asiri a binne, laifin iyaye yana bin ƴaƴa, matacce ya ƙi barin masu rai su huta.

A 1786 aka fitar da Vathek na William Beckford, labarin wani halifa da kwaɗayin dukiya da asiri ya ja shi har fadar Iblis a ƙarƙashin ƙasa. Daga ina ya ɗebo? Daga Dare Dubu da Ɗaya, wanda Antoine Galland ya fara fassarawa zuwa Faransanci a 1704. Kun ga ashe rijiya ɗaya muka sha da su. Abubakar Imam ma da zai rubuta Magana Jari Ce, wanda aka fara bugawa a 1937, ya ɗebo daga Dare Dubu da Ɗaya, ya ɗebo daga tatsuniyoyin Jamus, ya sa musu rigar Hausa. Labari ba ya neman takardar ƙetare iyaka.

Wanda ya fi ba mu sha'awa shi ne asalin Frankenstein. A 1815 dutsen Tambora ya yi aman wuta a ƙasar Indunisiya ta yanzu, tokarsa ta rufe sama, har shekarar 1816 ta zo wa Turai da sanyi da ruwa ba ƙaƙƙautawa, amfanin gona ya lalace. Wasu matasan marubuta da suka je hutu bakin tafkin Janeba suka rasa fita, suka zauna a ɗaki suna karanta labaran fatalwa, sai Lord Byron ya ce kowa ya ƙago nasa. A cikinsu akwai Mary Shelley, tana da shekara 18. Ita ce ta kawo labarin ɗalibin da ya harhaɗa sassan gawa ya tayar da halitta, da ya ga muninta ya gudu ya bar ta. An buga littafin a 1818. Abin lura, halittar ba da mugunta ta fara ba. Duk inda ta leƙa sai a jefe ta a kore ta saboda kamanninta, har ta zama abin da ake tsoro. Likitan Byron kuma, John Polidori, daga wannan zaman ya samo labarin basarake mai shan jini da aka buga a 1819. Wato hirar dare ce ta haifi duka biyun, irin wadda muke yi a gindin katangar Baba.

Sai 1897, Bram Stoker ɗan Ailan ya fitar da Dracula, wanda shi ne uban fim ɗin da muka kalla. Baƙo ya taso daga gabashin Turai da akwatunan ƙasa hamsin, ya sayi gida kusa da Landan, yana neman mayar da mutanen garin irinsa. A nan ɗan kasuwarmu ya kawo wata magana da ta tsaya mana a rai. Ya ce ku duba shekarun. A 1897 Turawa suna kwance a gadajensu suna karanta tsoron baƙon da zai shigo musu ƙasa. A 1898 Kaftin Cazemajou ya iso Damagaram, aka kashe shi a nan. A 1899 ayarin Voulet da Chanoine ya ratso ƙasar Hausa yana ƙona garuruwa, abin da aka yi a Birnin Ƙonni har yau ba a manta ba. Ragowar ayarin ne suka gwabza da dakarun Damagaram a Tirmini, suka shiga birni, Sarki Amadu Kuran Daga ya rasa ransa a wannan shekarar. Su a takarda baƙon ya zo musu. Mu da bindiga ya zo mana.

To me ya sa silima tun tana jaririya ta rungumi waɗannan littattafai? Saboda bebiya ce. Sai a 1927 fim mai magana ya fara kafuwa. Kafin nan mai fim ba shi da komai sai haske da duhu da fuskar ɗan wasa, da mai kiɗa da ke zaune a gaban allo. Labarin shari'a ko na siyasa yana bukatar baki. Tsoro kuwa ba ya bukata, inuwa ta ishe shi. Ga shi kuma na'urar da kanta tana iya abin da ido bai saba gani ba. Georges Méliès na Faransa ya gane cewa in ka tsayar da na'ura, ka canja abin da ke gabanta, ka ci gaba da ɗauka, mai kallo zai ga abu ya rikiɗe nan take. A 1896 ya yi ɗan gajeren fim inda jemage ya zama shaiɗan. A 1910 kamfanin Edison na Amurka ya yi Frankenstein, kuma don su nuna yadda halittar ta samu, sai suka ƙona mutum-mutumi suka juya fim ɗin baya, aka ga nama yana taruwa a kan ƙashi daga cikin wuta. A 1920 Robert Wiene na Jamus ya yi fim ɗin Dokta Caligari, inda aka zana inuwa da fenti a jikin bangaye, gidaje duk a karkace kamar mafarkin mai zazzaɓi.

Shi kuwa F. W. Murnau, mai Nosferatu, waje ya fita ya ɗauki tsofaffin gine-gine na gaske a garuruwan Wismar da Lübeck. Ya sa keken dokin Orlok yana gudun da ya wuce hankali, ya juya hoton daji fari ya koma baƙi. Ba su nemi izinin iyalan Stoker ba, sunaye kawai suka canja. Matar marigayin, Florence, ta kai ƙara, kotu ta yanke a 1925 cewa a lalata duk kwafin fim ɗin. Wasu suka tsira a wasu ƙasashe, shi ya sa har ya iso katangar Baba. Kuma Murnau da marubucinsa sun ƙara abu biyu da suka bambanta fim ɗin da littafin. Na ɗaya, hasken rana ne ke kashe Orlok, zakara ya yi cara ya narke, alhali a littafin Dracula yana yawonsa da rana. Na biyu, annoba. Kada mu manta, waɗanda suka kalli fim ɗin a 1922 ba su daɗe da fitowa daga Yaƙin Duniya na Ɗaya ba, da murar nan ta 1918 da ta kashe miliyoyin mutane. Jerin gawa a titi ba baƙon abu ba ne a idonsu.

Mu ma ai da inuwa aka rene mu. Wanda aka taɓa kai shi hutu wajen kaka a ƙauyukan Damagaram Takaya, can inda sarautar ta samo sunanta kafin ta dawo birni, ya san abin da muke nufi. An ci tuwo, an kunna aci-balbal, kaka ta ce ga ta nan ga ta nanku. In ta zo wajen Dodo sai ta rage murya, ta ɗaga hannu, inuwar hannun ta cika bangon ɗaki. Yarinyar da ta ƙi kowane saurayi ta auri baƙo kyakkyawa, sai a tsakiyar daji ya fara mayar da kayan aro. Uwar da ta yi wa Dodon ruwa alkawarin abin da ke cikinta. Macijin rijiyar Kusugu ta Daura da ke hana ɗiban ruwa sai ranar Juma'a. Masu fim ɗinmu ma sun ɗiba daga nan: Moustapha Alassane ya yi Toula a 1973, labarin budurwar da aka miƙa wa aljanin ruwa a shekarar fari, Kano kuma sun mayar da Daskin da Riɗi fim. Tsofaffin gidaje masu zane, lungunan Birni, duwatsun da ke tsaye a tsakiyar unguwa kamar an jibge su, ragowar ganuwar Sarki Tanimun da labaran layun da aka ce an binne a cikinta, duk abin da Walpole ya je nema a Italiya muna da shi a bayan gida.

Amma ku lura da hikimar kakanninmu. Gatana tana da ƙofar shiga, tana da ƙofar fita. Ba a yin ta da rana. In ta ƙare sai a ce ƙurunƙus, har a ƙara da cewa ba don Gizo ba da an yi ƙarya. Wato an tsorata ka, an kuma gaya maka wasa ne, je ka kwanta. Fim ma haka ne, in aka kashe majigi bango ya koma bango. Matsalar tana farawa ne ranar da tsoro ya fito daga labari, ya rasa inda zai sauka, ya sauka a kan mutum mai rai.

Nan ne za mu koma wurin da muka sunkuyar da kai. A cikin fim ɗin, da mutuwa ta yi yawa, mutanen gari ba su san da Orlok ba. Sai suka ɗora wa dillalin nan, wanda ya riga ya haukace ya gudo daga inda aka tsare shi. Gari ya ɗunguma a bayansa, maza da mata, lungu-lungu har bayan gari. Da ya ɓace musu, suka hango mutum-mutumin korar tsuntsaye a gona, suka far masa suka yayyaga shi. Mai laifin na gaske kuwa yana tsaye a tagarsa yana kallo.

A 1995 aka yi babbar annobar sanƙarau a Nijar. Muna tsakanin shekara goma zuwa sha uku. A unguwarmu akwai wata tsohuwa, ba za mu faɗi sunanta ba. Daga wani ƙauye na gabas aure ya kawo ta, mijin ya rasu, ba ta da ɗa ko jika. Tana zaune a wani ɗaki da rabinsa ya zube, a gindin dutse. Daddawa take sayarwa. Idonta ɗaya ya yi fari da yana, kuma tana magana ita kaɗai, irin ta wanda ya daɗe ba mai yi masa hira. Tun kafin annobar ake raɗa cewa tana da ƙanƙara a ciki. Iyaye mata suna ce mana kada mu karɓi abin hannunta, in mun gamu da ita mu tofa. Mu kuwa abin ya zame mana wasa. In ta wuce mu bi ta da waƙa, mu ruga.

Da zafi ya shigo, wani abokinmu na makarantar allo ya kwanta. Zazzaɓi, ciwon kai, wuya ya sanƙare. Cikin dare ya fara sambatu, ya ambaci sunanta. Kafin hantsi unguwa ta cika ƙofar ɗakinta. Aka jawo ta, ɗankwalinta ya faɗi, aka kai ta gidan su yaron aka ce sai ta tsallake shi ta sako masa kurwa. Tana kuka tana rantsuwa, ta tsallake, sau uku. Mu yara muna baya da duwatsu a hannu. Da manya suka tafi da ita, mu muka shiga ɗakinta. Ba mu sami komai ba sai tabarma da ƙwarya da tulu cike da ruwa. Muka fasa tulun. Duk ɗan Damagaram ya san abin da tulun ruwa yake nufi a watan zafi, ga tsohuwar da ba ta da mai ɗebo mata.

Yaron bai tashi ba. Yinin da aka ɓata wajen tsallake, da gidan likita aka yi da shi, Allah kaɗai ya san abin da zai kasance. Sai washegari aka kai shi, a can ya cika. Tsohuwar kuma ba ta ƙara sati a unguwar ba, ta hau motar kasuwa ta koma ƙauyensu, bayan shekara biyu muka ji rasuwarta. Sanƙarau bai bi ta ba, ya ci gaba da ɗaukar yara har sai da ruwan sama ya sauka.

Da fim ya ƙare a daren nan, Malam ya kashe majigi, babu wanda ya motsa. Baba ne ya yi magana. Ya ce: "Ku ne kuka fasa mata tulu. Na gan ku." Shekara kusan talatin muna zaune a ƙofar gidansa, bai taɓa tayar da zancen ba. A daren muka ji cewa kwana ukun da ta yi kafin ta tafi, a zaurensa ta yi su, shi da limamin unguwa suna kwana a bakin ƙofa. Tela ya ce: "Baba, yarinta ce." Baba ya ce: "Ku yarinta ce. Mu fa da muka tsaya kallo sai da aka gama?"

Yanzu da muka girma mun san abin da ba mu sani ba a lokacin. Sanƙarau ƙwayar cuta ce da ke kama rigar ƙwaƙwalwa, tana yaɗuwa ta numfashi, ta fi ƙarfi lokacin ƙura da zafi da cunkoson ɗaki. Tana sa ruɗewa da sambatu. Yaron da aka shekara ana tsorata shi da tsohuwa, in zazzaɓi ya juya masa kai, sunan wa zai kira? Mu muka saka masa sunan a baki tun yana da lafiya, sannan muka karɓe shi daga bakinsa muka ce hujja ce. Da aka kawo sabuwar allurar rigakafi a 2010, irin sanƙarau ɗin da ya fi yi mana ɓarna ya ja baya ƙwarai, ba tare da an kori tsohuwa ko ɗaya ba. Cutar dai ba ta ƙare ba, akwai wasu nau'o'inta, shi ya sa har yanzu ake kiran mutane rigakafi.

Ba mun zo musun abin da ke ɓoye ba ne. Mu Musulmi ne, mun san akwai aljanu, mun san akwai hassada da sihiri, kuma an koya mana addu'o'in neman tsari. Amma ba a koya mana mu tuhumi mutum da sambatun majiyyaci ba, ba a koya mana mu tozarta tsohuwa a bainar jama'a ba. Ku duba waɗanda ake nunawa da yatsa, za ku ga kusan kullum irinsu ɗaya ne: gwauruwa, juya, baƙuwa, mai tabon fuska, mai taɓin hankali, wanda ba shi da dangin da za su tsaya masa. Ba mu taɓa jin an jawo matar mai kuɗi an ce ta tsallake kowa ba. Kuma tabon ba ya tsayawa a kan mutum ɗaya, tun da an ce maita a nono ake shan ta. Akwai ƴan mata a garin nan da aurensu ya mutu tun kafin a ɗaura, saboda abin da aka taɓa faɗa a kan kakarsu.

Abin da ya sa muka ga wajibi ne mu rubuta shi ne, yau kaka ta daina gatana, amma dodo bai yi ritaya ba, waya ya shiga. Saƙon murya zai zo maka a WhatsApp: wai an ga wata mata tana rikiɗa, wai wani baƙo ya gaisa da saurayi gabansa ya ɓace, wai kada a amsa lamba kaza. Babu ga ta nan a farkonsa, babu ƙurunƙus a ƙarshensa, sai ma rantsuwa da cewa a tura wa ƴan uwa. Da rana tsaka ake sauraronsa. Mun ga yadda maganar shafi-mulera ta sa aka yi wa bayin Allah dukan kawo wuƙa a garuruwa da dama, nan da ƙetaren iyaka. Taron da ya yayyaga mutum-mutumi a fim ɗin 1922 shi ne dai, sai dai yanzu kowa yana riƙe da waya yana ɗauka.

Mu ba masu hana labarin tsoro ba ne. Mun ma fi son a dawo da shi mazauninsa. A yi wa yara gatanar Dodo da dare, a rufe ta yadda aka saba. Matasanmu masu ɗaukar fim da waya, ga Birni nan, ga duwatsu, ga tarihi, ba ku bukatar kuɗi masu yawa, Murnau da inuwar hannu ɗaya ya tsorata duniya. Aïcha Macky, ɗiyar garin nan, ta nuna a fim ɗinta na 2021 cewa ana iya ɗaukar Kara-Kara, unguwar da aka daɗe ana gudu, a nuna mutanen cikinta a matsayin mutane. Wanda ya saba ganin dodo a bango, ya san na bango ne, zai yi wuya a nuna masa maƙwabciyarsa a ce ga shi nan.

Mun tambayi Baba abin da za mu yi, tun da wadda za mu roƙa gafara ta riga mu gidan gaskiya. Ya ce mu yi mata addu'a, sannan mu duba unguwa, ba a rasa irinta. Muka duba kuwa, muka sami biyu. Yanzu duk ranar Alhamis fadarmu tana biyan mai ga-ruwa ya cika musu randa, ɗayanmu kuma ya tsaya ya gaishe su ya ɗan yi hira. Ba wani abin a zo a gani ba ne, kuma ba zai mayar da tulun da muka fasa ba.

Roƙonmu gare ku biyu ne. In yaro ya yi zazzaɓi mai zafi da ciwon kai, wuyansa ya ƙage, ko ya fara sambatu, a yi gidan likita da shi a wannan sa'ar, addu'a a yi ta a hanya. In kuma kuka ji an ambaci sunan wata a unguwarku, aka fara taruwa, to a sami mutum ɗaya da zai riga taron isa ƙofarta ya tsaya.

Allah ya jiƙan abokinmu, ya jiƙan wannan baiwar tasa, ya yafe mana abin da muka yi cikin rashin sani da wanda muka yi muna sane. Allah ya kare Damagaram daga annoba da zalunci. Sai mun sake haɗuwa.